Bizar Kayan Saƙa: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan ɗan littafi domin Hakimai, da Dagatai, da malaman da ke yi musu aikin rubutu, musamman na ƙasar Batsari da ta Safana, watau ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina. Maganar da ke cikinsa ta shafi mai noman auduga, da masaƙi, da marini, da maɗinki, da ɗan kasuwar da ke sayen kayansu ya kai gaba.

Jama'a sun san biza a kan iznin da a ke ba mutum idan zai tafi Makka ko wata ƙasa. To, akwai kuma bizar kaya, wadda a ke bugawa a kan takardar cinikin tufafi da yadi kafin su bar ƙasarsu. Ɗan kasuwar da bai san ta ba yana iya yin hasara mai yawa a bakin ruwa, talakan da bai san ta ba kuwa mayaudara suna iya cutarsa da sunanta. Saboda haka ya kamata shugabannin jama'a su fahimci asalinta da ƙa'idodinta, domin su iya ba da amsa daidai idan an tambaye su.

MECE CE BIZAR KAYA?

Bizar kaya hatimi ne wanda Gwamnatin ƙasar da kaya za su fita daga cikinta ta ke bugawa a kan takardar ciniki, watau takardar da mai sayarwa ya ke rubuta wa mai saye irin kayan, da yawansu, da kuɗinsu. Ma'anar hatimin ita ce Gwamnatin nan ta duba, ta kuma shaida cewa a ƙasarta aka yi kayan, kuma yawansu shi ne abin da aka rubuta. Idan kayan suka isa ƙasar da za su, ma'aikatan kwastan na can su kan gwada hatimin da sa hannun da ke jikinsa da samfurin da aka aika musu tun farko. In sun dace, sai a yi wa kayan hukuncin da yarjejeniyar ƙasashen biyu ta tanada.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga malaman Hakimai. Sun san wasiƙar da ta fito daga fada, ba a aiki da ita sai an ga hatimi, kuma an san hannun wanda ya rubuta ta. Haka al'amarin ya ke tsakanin Gwamnatoci.

ASALIN AL'AMARIN

Ƙasar Hausa ta daɗe tana fitar da tufafi. Baturen nan matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Katsina ya isa Kano cikin 1851, ya kuwa rubuta cewa saƙar Kano da rininta suna kaiwa har Tumbutu, da Gat, da Murzuk, da Tarabulus. A zamanin nan fatake suna biyan kuɗin fito ga sarakunan da su ke ratsa ƙasarsu, amma ba wanda ya ke ƙayyade musu yawan turkuɗin da za su ɗauka.

Ƙayyadewa ta zo ne daga ƙasashen Turai da Amurka. A 1947 ƙasashe 23 suka ƙulla wata babbar yarjejeniya ta ciniki da kuɗin fito a birnin Janiba, wadda a ke kira GATT a taƙaice. Nijeriya ta shiga cikinta a 1960, shekarar samun mulkin kai. Manufar yarjejeniyar ita ce a rage kuɗin fito, kuma kada wata ƙasa ta fifita kayan wata a kan na wata. Amma ba a daɗe ba sai masu masaƙu na Ingila da Amurka suka fara kuka, cewa yadi mai araha daga Japan, da Hongkong, da Indiya, da Pakistan zai kashe musu sana'a. Domin haka aka keɓe kayan saƙa, aka yi musu doka dabam. A 1961 aka yi yarjejeniyar shekara ɗaya a kan kayan auduga, a 1962 aka yi doguwa, sa'an nan a 1974 aka yi wadda ta haɗa auduga, da ulu, da zaren da a ke yi a inji daga sinadari.

Bisa ga wannan tsari, a kan yanka wa kowace ƙasa mai sayarwa kason da za ta shigar a shekara: riguna dozin kaza, wanduna dozin kaza, yadi awo kaza. Idan kason ya cika, sai a rufe ƙofa sai baɗi. Daga nan matsaloli biyu suka taso. Ta fari, 'yan kasuwa suna iya aika kaya ba da sanin Gwamnatinsu ba, har kason ya ƙare tun shekara ba ta raba ba. Ta biyu, ƙasar da kasonta ya cika, 'yan kasuwarta su kan bi da kayansu ta wata ƙasa, a sauya musu lamba, a ce can aka yi su. Maganin abin shi ne biza. Sai an ga hatimin Gwamnatin ƙasar da aka ce kayan nata ne, sa'an nan a karɓe su a kuma cire su daga kasonta. A zamanin kaso, kayan da ba su da biza ba a barinsu su shiga ko kaɗan.

Ranar 1 ga Janairu 1995 aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a madadin GATT, Nijeriya tana cikin waɗanda aka fara da su. Aka yarda a janye kaso sannu a hankali cikin shekara goma, ranar 1 ga Janairu 2005 kuwa aka soke shi ɗungum. Ƙasar Sin ta riga ta shiga Ƙungiyar tun Disamba 2001, saboda haka da aka buɗe ƙofa sai kayanta suka malale kasuwannin duniya.

ABIN DA YA SAMI MASAƘUN ƘASAR NAN

Dattawa sun san lokacin da auduga ta ke cikin manyan abubuwan arzikin Lardin Katsina, ana kai ta injin gurza a Funtuwa da Malumfashi. A 1957 masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a zamanin Gwamnatin Sardauna, wasu kuma suka biyo bayanta a Kaduna, da Kano, da Funtuwa, da Gusau. A 1986 aka rushe hukumar sayen auduga, manomi ya rasa tsayayyen farashi. Tsadar wuta, da tsufan injuna, da yawan atamfar fasa-ƙwauri suka haɗu a kan masaƙun. Masaƙar Kaduna ta farko ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007.

An kawo wannan tarihi ne domin a gane cewa maganar biza tana da nasaba da gonar auduga. Masaƙar da ba ta sami kasuwa ba, ba ta sayen zare, mai kaɗin zare ba ya sayen auduga, manomi kuwa sai ya koma ga wani amfanin. Duk hanyar da za ta buɗe wa tufafin ƙasar nan kasuwa a waje, amfaninta yana dawowa har ƙauye.

DOKAR AGOA

Bayan mutuwar kaso, inda bizar kaya ta fi shafar Nijeriya shi ne ciniki da Amurka. Ranar 18 ga Mayu 2000 Shugaba Clinton ya sa hannu a wata doka ta bunƙasa ciniki da ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, wadda a ke kira AGOA. Dokar ta ba da dama a shigar da kayayyaki masu yawa Amurka ba tare da biyan kuɗin fito ba. Ga tufafi wannan rangwame babba ne. Kuɗin fiton da Amurka ta saba ɗorawa a kan singiletin auduga kashi 16.5 ne cikin 100, a kan wasu rigunan zaren sinadari kuwa har kashi 32. Watau mai kayan dala 10,000 na singiletin auduga, dala 1,650 zai biya in babu rangwame.

Amma fa dokar ta gindaya sharaɗi. Ba a ba wata ƙasa rangwamen tufafi sai ta kafa tsarin biza wanda Amurka ta gamsu da shi, ta yi dokar hukunta masu sauya wa kaya asali, ta kuma yarda ma'aikatan kwastan na Amurka su zo su duba masaƙu da wuraren ɗinki da idonsu. Kenya da Murishus ne suka fara cika sharaɗin a farkon 2001. Nijeriya ta cika nata cikin Yuli 2004. Ƙasashen da suka fi cin moriyar rangwamen tufafi su ne irin su Lesoto, da Kenya, da Madagaska, inda aka kafa manyan wuraren ɗinki, dubban mutane suka sami aiki. Nijeriya kuwa, mafi yawan abin da ta aika ƙarƙashin dokar ɗanyen mai ne.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba a riƙe game da wannan doka. Na ɗaya, doka ce ta Majalisar Amurka, mai wa'adi. An tsawaita ta a 2004, aka sake tsawaita ta a 2015 har zuwa 30 ga Satumba 2025, ranar da wancan wa'adi ya cika. Sabunta ta ko sauya ta yana hannun Majalisar nan, kuma a 2025 Gwamnatin Amurka ta ɗora ƙarin kuɗin fito a kan kayan ƙasashe da dama, har da Nijeriya. Domin haka kada kowa ya ɗaure kaya bisa ga jita-jita, sai ya fara tambayar hukuma matsayin dokar a ranar da zai yi ciniki. Na biyu, ana duba sunayen ƙasashe kowace shekara, ana iya cire wata. An cire Mali da Gini da Habasha a 2022, Burkina Faso a 2023, Jamhuriyar Nijar kuwa daga 1 ga Janairu 2024, bayan juyin mulkin Yuli 2023.

YADDA HATIMIN YA KE

Bisa ga tsarin da aka shirya ƙarƙashin dokar, hatimin kewayayye ne, da shuɗin tawada a ke buga shi, a fuskar ainihin takardar ciniki, ba a kan kwafi ba. Tilas ya ƙunshi waɗannan:

1. Lambar biza, mai gurbi tara. Gurbin fari lambar rukunin kayan ne, sa'an nan haruffa biyu na ƙasa, watau NG ga Nijeriya, sa'an nan lambobi shida na wannan kaya kaɗai.

2. Ranar da aka buga shi.

3. Sa hannun ma'aikacin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa, wanda aka riga aka aika samfurin hannunsa Amurka.

4. Rukunin kayan, da yawansu, da ma'aunin da aka ƙirga su da shi. Tufafi da dozin a ke ƙirga su, yadin saƙar hannu da murabba'in mita. Ba a karɓar gutsuren lissafi, sai cikakkiyar lamba.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, ko ba ya karantuwa, ko an kankare an gyara, bizar ta lalace, sai an nemi sabuwa. Idan aka rubuta dozin 20 alhali kayan dozin 25 ne, dozin 20 kaɗai za a yi wa rangwame. Idan aka rubuta 25 alhali 20 ne, ba a ajiye ragowar biyar ɗin domin wani jigila. Bambancin wannan biza da ta zamanin kaso shi ne, kayan da ba su da ita suna iya shiga, amma sai an biya cikakken kuɗin fito, wanda sau da yawa ya kan cinye ribar duka.

Bayan biza akwai takardar shaidar asali, wadda mai fitar da kaya ya ke cikawa, ya faɗi inda aka kaɗa zaren, da inda aka saƙa yadin, da inda aka ɗinka. Kuma tilas kayan su tafi Amurka kai tsaye, kada a sauke su a wata ƙasa a ƙara musu aiki.

RUKUNAN KAYA

An kasa tufafi rukuni rukuni bisa ga asalin zarensu da yadinsu. Uku daga ciki su ne suka fi dacewa da mutanen ƙasar nan.

Rukuni na 4 shi ne tufafin da aka ɗinka da yadin da aka saƙa a ƙasashen Afirka masu cin moriyar dokar, da zarensu ko na Amurka. Rigar da audugarta ta fito daga gonar Katsina, aka kaɗa aka saƙa a Funtuwa ko Kano, aka ɗinka a nan gida, cikin wannan rukuni ta ke.

Rukuni na 5 sassauci ne da aka yi wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, cewa suna iya sayo yadi daga ko'ina cikin duniya, muddin a ƙasarsu aka yanka aka ɗinka. Wannan sassauci shi ne ya ɗaga Lesoto da Kenya. Waɗannan rukuna biyu an yi musu iyaka ta shekara shekara.

Rukuni na 9 shi ne na saƙar hannu, da aikin hannu, da tufafin gargajiya. A 2004 aka ƙara masa atamfar da aka buga a Afirka, wadda faɗinta bai kai inci 50 ba, kuma yadinta na Afirka ne ko na Amurka. A 2005 Amurka ta amince da jerin kayan Nijeriya na wannan rukuni, ciki har da kaftani da babbar riga, da atamfar wasu masaƙu da aka ambata sunansu. Wannan rukuni shi ne na masaƙin ƙauye mai ƙoshiya, da mai gwado da luru, da mai ɗinkin aska takwas. Sai dai an yi masa ƙa'ida mai tsanani. Tufar gargajiya kada a sa mata zif, ko roba mai miƙewa, ko maɓallin ƙarfe mai ɗanawa. Kada kuma a yi mata zanen da ba na gargajiya ba, kamar jirgin sama, ko mota, ko 'yan tsanan majigi. Telan da ya sa wa wandon kaftani roba a maimakon mazagi, da nufin gyara, ya fid da shi daga rukunin ke nan.

MISALI

A ce masaƙa da maɗinka na Darini da ƙauyukan da ke kewaye sun sami mai saye a Amurka, yana son manyan riguna 240 na saƙi masu aikin hannu. Ga hanyar da za su bi.

Da fari sai su haɗu su zama ƙungiyar gama kai mai rajista, domin Hukumar Haɓaka Fitar da Kaya ta Nijeriya, watau NEPC, wadda aka kafa a 1976, kamfani ko ƙungiya mai rajista ta ke ba takardar shaidar mai fitar da kaya. Tana da ofis a Kano. In kafa ƙungiya ya yi musu nauyi, suna iya bi ta hannun ɗan kasuwar da ya riga ya mallaki takardar, amma a rubuta yarjejeniya gaban shaidu.

Na biyu, tun ranar da aka sayo zare sai a buɗe littafi. A rubuta wurin wanda aka saya, da nawa, a lika rasit. A rubuta sunan kowane masaƙi da yawan ƙwaryar da ya saƙa, da marinar da aka kai, da wanda ya ɗinka, da ladan kowa. Dokar ta ce a ajiye irin wannan lissafi na wasu shekaru bayan fitar kaya, wanda ya ajiye shi da daɗewa kuwa ya fi samun kwanciyar rai.

Na uku, sai a rubuta takardar ciniki. Riguna 240 dozin 20 ke nan, rukuni na 9. A cika takardar shaidar asali, a buɗe fom NXP ta banki, wanda ta hanyarsa a ke sanin kuɗin kayan sun dawo gida. Sa'an nan a kai takardun ga ma'aikacin da aka naɗa ya duba ya buga hatimi, kwastan su duba kayan, a ɗora su a jirgin sama ko a kai bakin ruwa a Ikko.

Wanda ya dubi waɗannan matakai zai ga na biyun ne ya fi sauƙin sakaci, shi ne kuma ba ya gyaruwa daga baya. Fom da ya ɓaci ana sake cika wani cikin yini ɗaya. Rasit ɗin zaren da ba a karɓa ba wata shida da suka wuce, ba inda za a same shi. A nan ne malamin Dagaci mai kyakkyawan rubutu ya ke da amfani ƙwarai ga mutanen garinsa.

LAIFIN SAUYA ASALI

Babban laifi a wannan sha'ani shi ne a ɗauki kayan wata ƙasa a ce na Nijeriya ne. Mutanen yammacin Katsina sun san hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, sun kuma san an daɗe ana sauke atamfa da shadda na Asiya a Kwatano, a hau da su Maraɗi, sa'an nan su gangaro kasuwannin ƙasar nan har Kantin Kwari. Wata atamfar ma an kwaikwayi zanen masaƙun gida da lambarsu a bakinta. Irin wannan atamfa, ko da an saye ta a Katsina da rasit, ba ta zama ta Nijeriya ba, ba ta kuwa shiga rukuni na 9. Haka kuma rigar da aka ɗinka aka gama a wata ƙasa, cire mata lamba a lika wata bai sauya asalinta ba.

Sai a lura kuma da maƙwabta. Tun da aka cire Nijar daga jerin a farkon 2024, kayan da aka saƙa ko aka ɗinka a Maraɗi ba su shiga ƙarƙashin bizar Nijeriya, ko da mai su ɗan'uwa ne na jini, harshe ɗaya, tufa ɗaya. Kwastan ba su duban zumunci, wurin da aka yi aikin su ke dubawa.

Hukuncin da dokar ta yanka shi ne, ɗan kasuwar da aka tabbatar ya sauya wa kaya asali, a hana shi rangwame shekara 5, shi da duk wanda ya gaji kamfaninsa, ko wani kamfani da ya buɗe da sabon suna. Ban da wannan akwai hukuncin dokar kwastan ta Nijeriya. Abin da ya fi muni, idan aka ga wata ƙasa ba ta tsare hatiminta, ana tsananta binciken kayan kowa da kowa daga cikinta, masu gaskiya su sha jinkiri saboda laifin mutum guda. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

KAYAN DA A KE SHIGOWA DA SU

Ana yawan tambaya ko mai shigo da yadi Nijeriya shi ma yana bukatar irin wannan biza. Hanyarsa dabam ce. Shi Fom M ya ke buɗewa ta banki kafin kaya su taso, ya biya kuɗin kwastan a tashar da Gwamnati ta amince da ita. Dokar shigo da yadi ta sha sauyawa. An hana, an buɗe, an sake hanawa. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje ta hannunsa, a Oktoba 2023 ya janye hanin. An rufe iyakokin ƙasa cikin Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Abin da bai taɓa sauyawa ba shi ne, kayan da aka bi da su ta daji domin kauce wa kwastan fasa-ƙwauri ne, ana kuwa ƙwace su.

Tsakanin ƙasashen ECOWAS akwai tsarin sassauta ciniki, wanda ya yafe kuɗin fito ga kayan da aka yi a cikin ƙasashen. Kayan masana'anta sai an yi musu rajista an sami takardar shaidar asali, amma amfanin gona, da dabbobi, da aikin hannu an ɗauke musu wannan takarda. Masaƙin da zai kai gwadonsa Gana ko Binin ya san da wannan. Nijar kuwa ta fita daga ECOWAS cikin Janairu 2025, saboda haka mai niyyar kai kaya Maraɗi ya fara tambayar ofishin kwastan na Jibiya abin da a ke bi. Akwai kuma yarjejeniyar ciniki ta Afirka baki ɗaya, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai cikin Yuli 2019. Ita ma gindinta shaidar asali ne. Littafin lissafin nan da aka ambata a sama zai yi amfani a kowace daga cikin waɗannan hanyoyi.

ABIN DA A KE BUKATA GA HAKIMAI DA MALAMANSU

1. A sanar da jama'a cewa Hakimi, ko Dagaci, ko ma'aikacin Ƙaramar Hukuma, ba mai ikon buga bizar kaya. Ikon na ma'aikatan da Gwamnatin Tarayya ta naɗa ne kaɗai.

2. A gargaɗe su cewa bizar kaya ba ta kai mutum Amurka, kuma ba a sayar da ita a kasuwa. Duk wanda ya zo gari yana karɓar kuɗin masu sana'a da sunan zai samo musu ita, a kai rahotonsa ga Hakimi, Hakimi kuwa ya sanar da 'yan sanda.

3. Kada a sa hannu ko hatimin Hakimi a kan wata takarda mai cewa a ƙasarsa aka yi kaya, sai an aiki amintacce ya ga masaƙar ko wurin ɗinkin da idonsa, ya ƙirga ma'aikata, ya ga ko za su iya yin yawan abin da aka faɗa. Tela biyu da keke biyu ba su ɗinka riga dubu cikin mako guda.

4. Kowane malamin Dagaci ya rubuta sunayen masaƙa, da marina, da masu ɗinkin hannu na ƙasarsa, da irin aikin kowa, ya aika wa malamin Hakimi. Rashin tsaro a ƙauyukan gefen Dajin Rugu ya sa masu sana'a da yawa sun bar garuruwansu sun koma Batsari, da Safana, da Katsina. A rubuta su a inda su ke zaune yanzu, tare da sunan garinsu na asali, domin kada a manta da su idan wata dama ta zo.

5. A taimaki masu sana'a su saba da karɓar rasit da ajiye littafi, ko da cinikinsu bai wuce kasuwar gari ba tukuna.

6. Tambayar da ta fi ƙarfin ofishin Hakimi, a rubuta ta a aika Ma'aikatar Ciniki ta Jiha a Katsina, ko ofishin NEPC a Kano, a jira amsa a rubuce kafin a ba kowa shawarar ya kashe kuɗinsa.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan bayani a taron Dagatai na gaba, Dagatai kuma su isar da shi ga masu unguwanni, da Sarkin Masaƙa, da Sarkin Marina, da shugabannin teloli na garuruwansu. A ajiye kwafi ɗaya a ofishin Hakimi domin mai son dubawa.